Neman kalma: seismic da aikin maida duwatsu yadda suke da

Jama'a a taimaka min, ina fassara wani darasi na ilimin duwatsu na maƙale a wuri biyu.

Na farko kalmar seismic. Duk wanda na tambaya sai ya ce girgizar ƙasa, ni kuma gaskiya ban gamsu ba, don a wannan aikin ba wata girgiza ake zaman jira ba, mutane ne da kansu ke aika sauti cikin ƙasa, a tudu da manyan motoci masu jijjiga, a teku da bindigar iska da jirgi ke ja, sautin ya nitse ya bugi shimfiɗar dutse ya dawo, na'urori su rubuta lokacin da ya ɗauka zuwa da dawowa. Shi ya sa ma gefen hoton ƙarƙashin ƙasa da ake fitarwa daga wannan awon daƙiƙa ake rubutawa ba mita ba, sai an san gudun sauti a kowane dutse kafin a maida shi zurfi, a ruwan teku dai kusan mita 1500 ne a daƙiƙa. Ni na ce awon amsa-kuwwa. Wani ya ce a bar shi sizmik kawai tunda haka ma'aikatan ke faɗa, to ba laifi a baki, amma ɗalibi ya ji amsa-kuwwa ya riga ya gane rabin darasin.

Sedimentary basin bai ba ni wahala ba, matattarar laka, wato wurin da ƙasa ta lotsa, laka da yashi suka yi ta taruwa hawa-hawa shekaru miliyoyi. Fault kuma na sa gocewa, tsaga ba ta isa ba tunda dole ɓangare ɗaya ya zame ya bar ɗan'uwansa.

Na biyun ne ya hana ni barci, wato aikin maida duwatsu yadda suke da. Bayan an samu hoton, sai a cire shimfiɗar sama a kwamfuta, a miƙe ta ƙarƙashinta ta kwanta yadda take ranar da ta zuba, a mayar da inda ya goce, a ƙara mata kaurin da nauyin na sama ya matse, sannan a sake cire wata, a haka har ƙasa. Nan ake gane yaushe abu ya faru, in ka ga shimfiɗa ta fi kauri a ɓangaren da ya zame ƙasa to gocewar tana motsi lokacin da lakar ke zuba, irin abin da ake gani a duwatsun zamanin Jurasik (wani zamani ne na miliyoyin shekaru da suka wuce) na Tekun Arewa tsakanin Birtaniya da Norwe.

Wata malama ta kawo ɗori, wai kamar mai haɗa karaya, wallahi ta burge ni har na rubuta. Da na kwana sai na ga ɗori gyara yake, ana so ƙashi ya warke a ci gaba, mu kuma baya muke komawa, ba abin da muke gyarawa. Sai wani dattijo ya ce ai ƙasa tufka ta yi ku kuna warwara.

Warwarar shimfiɗa na saka yanzu. Matsalata ɗaya, warwara ba ta nuna ana maido da kaurin da aka matse ba, wanda ke da kalmar da ta haɗa duka biyun ya ajiye min a ƙasa kafin in miƙa aikin.