Ƙarar janareta ta hana mu barci: wace dabara ta yi muku aiki?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu na fama da hawan jini, kuma ɗakinta ne dab da inda muke ajiye janareta. In mun kashe, zafi ya hana ta runtsawa. In mun kunna, ƙara ta hana. Don Allah wanda ya taɓa rage ƙarar nasa ya gaya mana abin da ya gwada da hannunsa.

Bakanike, Kaduna:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Fara duba salansa. Yawancin waɗanda ake kawo mini suna ruri, in na duba sai in tarar tsatsa ta huda ta, ko ta saki daga inda aka ɗaure ta da inji. Cikin salansa 'yan ɗakuna ne da bututu mai huji-huji. Hayaƙi na fitowa da ƙarfi, sai ya yi ta kewaye a ciki har ƙarfinsa ya karye kafin ya fita. Ɓula ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ka tayar da injin, ka kai hannu kusa ba tare da ka taɓa ba, za ka ji iska na hurowa inda bai kamata ba, ka ga baƙin hayaƙi ya yi zobe a wurin. In ta intanet za ka nemi sabuwa, 'yan Ingila silencer suke rubutawa, 'yan Amurka muffler, abu ɗaya ne.

Mai walda, Zariya:
Na sha jona salansar ƙaramar mota a jikin janareta. Tana rage bugun nan mai shiga kai, amma kada ka sa rai da shiru, domin jikin injin ma yana da tasa ƙarar. Kuma bututun jonin kada ya fi na asali ƙanƙanta, sai injin ya shaƙe ya riƙa zafi.

Uwargida, Katsina:
Mu ashe girgiza ce ta fi damunmu. A kan siminti yake, har kwanukan cikin kabad suna kaɗawa. Maigida ya kwantar da tsohuwar tayar mota, ya ɗora katako, ya ɗora janaretan a kai. Daren nan kwanuka suka yi tsit. Ko sisi ba mu kashe ba.

Malamin kimiyya, Sakkwato:
Ɗan'uwa, nisa ya fi komai arha. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙara na raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma raguwar desibel 10 kunne na jin ta kamar an raba ƙarar biyu. Na sayi doguwar waya mai kauri na mayar da nawa ƙarshen tsakar gida, bakin salansa na kallon waje. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa ba ya tare sauti. Abu mai laushi amsa-kuwwa yake ragewa, mai nauyi irin bulo shi ke tarewa.

Ma'aikaciyar jinya, Bauci:
Ina roƙonku da girman Allah, kada neman shiru ya sa a shigar da janareta zaure ko shago a rufe ƙofa. Na karɓi iyali guda da asuba, uwa da yara, an ɗauko su ranga-ranga saboda haka. Ba dukansu suka tashi ba. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai da jiri da kasala take farawa da su, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji su. A ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa. Katifar soso da bargo da wasu ke lulluɓa masa ma gobara ce.

Magini, Gusau:
Gaskiya ne, Anti. Ni ɗan ɗaki nake gina masa da bulo can nesa, in cika ramukan bulon da yashi don ya yi nauyi. Ɓangaren da ke kallon gida in toshe shi ruf. Ɗaya ɓangaren in bar kafa a ƙasa ta shigar iska, wata a sama ta fitar zafi, salansa kuma in zuro bakinta waje. Malam, tsakar gidanku ƙafa nawa ne? Ka auno, sai in gaya maka bulo nawa zai ci.