Tsohon daɓen odum: ta ina ake fara gyara, kuma me ke sa banish ya ɓare?

Mai tambaya, Asawase:
Salamu alaikum, masu sana'a. Falo ne mita 4 da mita 5, daɓen katakon odum, wato iroko. Banish ɗinsa ya ɓare ta bakin ƙofa, ga baƙin tabo inda tukunyar fulawa ta daɗe a ajiye. Ana so a goge, a rina, a sake shafawa. Ta ina za a fara, kuma lita nawa zai sha?

Kafinta, Sokoban:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar lita, duba danshi. Sa tafin hannu a kan katakon: in gefunan kowane falle sun ɗaga, tsakiya ta lotsa kamar kwale-kwale, ruwa ne ke tasowa daga siminti. Ka goge shi a haka, ranar da ya bushe tsakiyar ce za ta yi tozo. Inda wani falle ya saki, ɗaga shi ka manna leda a kan simintin da salatif, ta kwana. Ka tarar da raɓa a ƙarƙashinta, a dakata. Nan Kumasi watan Yuni da Oktoba ba lokacin wannan aiki ba ne. Sannan kowace ƙusa a nutsar da kanta kamar milimita 2 ko 3, don ƙusa ɗaya ta isa ta keta sabuwar samfefa.

Mai injin gugar daɓe, Aboabo:
Samfefa hawa-hawa ake bi, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 40, 60, 80, sannan 100 ko 120. Wanda ya yi tsalle daga 40 zuwa 100 don tsimin kuɗi, ƙarcen 40 na nan kwance, ido ba zai gani ba sai rini ya shiga ya fito da shi layi-layi. Yi zane da fensir a daɓen kafin kowane hawa; inda zanen ya rage, injin bai taɓa wurin ba.

Babban injin nan mai ganga, kana tafiya kake sauke gangar, kana tafiya kake ɗaga ta. Ka tsaya daƙiƙa ɗaya tana ƙasa, ta haƙa maka kwari. Dogayen falle a bi tsawonsu. In ƙananan guntaye ne da aka jera kamar ƙashin kifi, hawa biyun farko a karkace ake yi. Gefen bango da lungu na ƙaramin inji ne, da lambar samfefa iri ɗaya da ta tsakiya, in ba haka ba rini zai zagaye falon da baƙin ƙawanya. Kada a ja masa wuta da siririyar waya mai tsawo ko ƙaramin janareto, motar za ta yi zafi. Kuma ƙurar odum tana sa ƙaiƙayi, tana tayar da asma, ƙyalle a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi mai matata.

Mai fenti, Tafo:
Masta, a gafarce ni, ni dai ban ga dalilin rina odum ba. Da kansa yake duhu, daga rawaya-rawaya ya koma ruwan ƙasa in ya sha haske. Ka ƙara masa rini, bayan shekara falo ya zama kogo. In mai gida ya nace, a gwada a inda kujera za ta rufe, a shafa, a goge rarar da tsumma cikin minti 5 zuwa 10, a bar shi awa 24. Rinin da aka bari ya taru ba ya bushewa, sai danƙo.

Baƙin tabon kuwa samfefa ba ta kai masa, ya shige ciki. Ana jiƙa wurin da sinadarin okzalik a ruwan ɗumi, ya bushe, a ɗauraye. In ya ƙi bayan sau biyu, a sauya fallen.

Kafinta, Sokoban:
Tsagun da ke tsakanin falle, dusar da ta fito a hawan 80 ake kwaɓawa da gam ɗin katako a cike su. Amma siraran da ke buɗewa da hunturu a ƙyale su, damina za ta rufe su. Ka cika su a Janairu, katako ya kumbura ya tofar da abin da ka cusa.

Mai fenti, Tafo:
Lissafin lita: falon mita 20 ne murabba'i, lita ɗaya ta banish ɗin foliyuritan tana cin mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, shafi uku ake yi, to lita 6. Abin da ya fi ɓarar da banish a garin nan shi ne sila (sealer), wato shafin farko na kayan ɗaki, wadda kafintoci ke fesa wa kabad. Tana bushewa da wuri, shi ya sa ake sonta, amma foliyuritan ba ya kama ta sosai, takalmi na bi yana salɓewa. Tsohon folish mai kakin zuma ma haka yake, sai ka ga banish yana gudu yana barin ido-ido. Shafin farko a sirka banish ɗin da tina, ruwan tsinka fenti, kamar kashi 10 cikin 100 don katako ya sha. In daɓen katakon tik (teak) ne, yana da maiƙo, a share shi da tina tukuna. A juya gwangwani da sanda, kada a girgiza, kumfa ce za ta daskare a kai. Tsakanin shafi da shafi a bi da samfefa 220 sama-sama, a kwashe ƙura tas. Fanka a kashe, taga ta gefen titi a rufe.

Mai tambaya, Asawase:
Allah ya saka da alheri. Yaushe za a mayar da kaya?

Mai injin gugar daɓe, Aboabo:
Tafiya da safa bayan kwana ɗaya, kujeru bayan kwana 3, a ɗauko su ɗauka, ban da ja. Darduma da kafet sai an yi aƙalla mako 2. Tsummokaran da suka sha rini ko mai kuma kada a dunƙule su a kwali, suna iya kamawa da wuta da kansu. A tsoma su a bokitin ruwa, jakar ƙurar inji ma a zazzage ta a waje kafin a tashi aiki.