Ƴan awo sun zo layinmu, mai shago kuma yana neman kuɗin shekara 2

Abban Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon kayan waya a bakin titi, taku kamar 80 daga wani shatale a nan cikin Bauchi (ba zan faɗi wanne ba, mai shagon ya iya karatu). Makon jiya ƴan awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku suka yini suna leƙe-leƙe, wasu samari biyu kuma suka zauna gindin dalbejiya da takarda suna ƙirga motoci. Wasu na cewa gadar sama za a yi irin ta Wunti, wasu na cewa faɗaɗa titi ne kawai. Ba a shafa mana jan fenti ba tukuna. Hayata za ta ƙare ƙarshen wata, mai shagon ya ce in biya shekara 2 a dunƙule, dubu 350 kowace shekara, ko in ba shi makullinsa. Waɗanda aikin gada ya taɓa ritsawa da su, in biya ko in tashi?

Ɗan Yelwa: Wa alaikumus salam. Ka koma sayarwa ta intanet kawai, zamanin shago ya wuce.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, kada ka biya. Wallahi kada ka biya. Ni ma haka nawa mai shagon ya zo da fara'a ya ce in ba shi na shekara 2 zai rage mini, ashe ya riga ya ji labari. Wata uku da biya aka kafa katangar kwano a gabanmu, aka karkatar da motoci ta wani layi. Ƙura kuwa, kowace safiya sai na kakkaɓe atamfa turmi-turmi, farin leshi ya koma kalar ƙasa, na ƙarshe da rabin kuɗinsa na sayar. Matan da ke zuwa da mota suka daina zuwa, ina za su ajiye ta? Da aka yanke barandar gaba aka zo biyan diyya, sunansa ne a takarda. Ni na sa tayil, ni na sa ƙofar ƙarfe, ni na yi silin, kusan dubu 600 daga aljihuna. Na je har gidansa na durƙusa, ya ce, "Hajiya, ai ginina aka taɓa, ba atamfarki ba." Na daure har aka gama, ina cewa kasuwa za ta dawo. Ranar da aka buɗe gada na tsaya ƙofar shago, ba abin da nake gani sai bango, masu saye suna wucewa ta saman kaina. Yanzu ina kasuwar Muda Lawal, shagon bai kai rabin wancan ba.

Ummu Hanifa: Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Kin kai shi ƙara?

Hajiya Mai Atamfa: Da wace takarda, ƴata? Rasit ɗin ma a bayan kwalin sabulu ya rubuta mini.

Malam Bala Lauya: Abin da ya sami Hajiya daga rashin rubutu ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ke kan filin ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar ba, balle cinikin da ka rasa. Abban Sadiƙ, in har za ka biya, a rubuta a gaban shaidu cewa in aiki ya taɓa shagon zai mayar maka da ragowar kuɗinka.

Injiniya Sani: Taku 80 ɗin nan da kowa ya tsallake, shi ne maganar. Dole gada ta bar sama da mita 5 a ƙarƙashinta don tirela ta wuce, ga kaurin ginin kansa. Ba a hawa wannan tudun farat ɗaya, gangaren yakan ci fiye da mita 100 kowane ɓangare. Ke nan in gadar ta bi titinku, bangon gangaren a gabanka zai tsaya. In ta bi titin da ya gitta, kai ka ci riba, don motocin ƙasa za su rage gudu a wajenka. Ƙirgar motocin da ka gani, shi ake yi don a san wane hannu ya fi lodi, shi ake ɗagawa sama. Kuma awo ba aiki ba ne, ana iya aunawa a ajiye takarda shekaru.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya, mu ma "awo ne kawai" aka ce mana.

Baban Gida: A bar wanda ya ɗanɗana ya yi magana. Masu takarda ba su taɓa kwana da kuɗin haya a wuya ba.

Injiniya Sani: Alhaji, ni ma a gidan haya nake. Na ce masa ya biya ne?

Auwal Kobi: Tsaya, dubu 350 a bakin shatale? Ƙanina 180 yake biya, kuma titi ɗaya ne ya raba shi da Babbar Kasuwa.

Ɗan Yelwa: 180 ko akurkin kaji ba ka samu yanzu. An nema mini 500 wata biyu da suka wuce, ba ma a kan kwalta ba.

Na Kano: Ku Bauchi sabon shiga ne. Ku zo ku ga ƙarƙashin gadar Sabon Gari, ciniki ake kamar ba gobe. Tun gadar Ƙofar Nasarawa muka saba.

Gwani: Ka biya kawai ka sayi kyamara. In an gama, duk ango da amaryar garin nan kan gadar za su zo hoto.

Ummu Hanifa: Gwani ka ji tsoron Allah, mutum na cikin damuwa.

Baban Gida: Ni fa ko gada goma za a yi, muddin masu Keke Napep za su tsaya tsakiyar shatale suna lodi, ba inda cunkoso zai je. Jiya da la'asar ɗaya ya taka burki a gabana ba ko sigina, don wata ta ɗaga yatsa.

Mai Keke 1: Alhaji, a ina aka ware mana wurin tsayawa muka ƙi? Masu tebura sun cinye gefen titi, masu manyan motoci sun jera a layi biyu sun shiga kasuwa. Kuma gada ba tamu ba ce, fasinja a ƙasa yake.

Ummu Hanifa: To ku rage kuɗi mana. Daga Yelwa zuwa Wunti abin da nake biya da yara ya isa cefane.

Mai Keke 1: Anti, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kin taɓa tambayar nawa muke kai wa mai keke kullum? Ga zagayen da ake sa mu in an toshe hanya, man daga ina?

Abban Sadiƙ: Jama'a, mai shagon ya sake kira, ya ce wani mai POS ya taya. Malam Lauya, in ya ƙi sa hannu a takardar fa?

Auwal Kobi: Wai Yelwa zuwa Wunti nawa ne yanzu? Ni 300 na biya ranar Laraba, aka ce an cuce ni.