Man Gashi da Hula a Zafin Kebbi: Abin da Kowa Ya Gani a Kansa

Ma'aikaci daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin man gashi mai kauri, irin na gwangwani da samari ke shafawa domin gashi ya kwanta. Tun bayan ƙaramar Sallah na daina aske kaina ƙwal, na fara barin gashi kaɗan, sai na sayi wani gwangwani a kasuwa ina shafawa kowace safiya kafin in ɗora hula in tafi ofis. Wata biyu ke nan, ga shi ƙananan ƙuraje sun feso mini a goshi daidai inda bakin hula ke zama, kuma huluna uku sun yi baƙin maiƙo daga ciki har mai wanki ya ƙara mini kuɗi. Shin man ne bai karɓe ni ba, ko ni ne ban iya shafawa ba? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka da abin da ya gani.

Mai shagon aski daga Jega:

Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da kilifa, kuma zan iya cewa laifin hannu ya fi na gwangwani yawa. Man nan iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa da basilin, wani har da kakin zuma, irin su Murray's mai gwangwani launin ruwan lemo, wanda ake yi a Amurka tun shekarun 1920, da Dax, da Sportin' Waves. Ruwa kaɗai ba ya fitar da su. Akwai kuma wanda tushensa ruwa ne, mai kama da kaurin koko idan ya huce, wanda ke fita da zarar an wanke kai. Idan kana son sanin wanne ke hannunka, ka shafa kaɗan a bayan hannu ka zuba ruwa ba sabulu: idan ruwan ya zame ya bar maiƙo, to mai basilin ne.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne mutum ya lakato da yatsa biyu, ya dangwala a gaban goshi, sannan ya tura baya. Ga gashi irin namu da aka rage, abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba ya isa. Ka murza shi a tafin hannu har ya narke, kada ka ga ɗan curi ko ɗaya, ka fara daga tsakiyar kai ka bi yadda gashin ya kwanta, gaba ya zama na ƙarshe, lokacin da hannu ya kusa bushewa. Ya fi shiga idan gashin yana da ɗan damshi bayan wanka. Daga nan sai burushi, sannan ka sa tsumma mai tsabta ka goge goshi da bayan kunne. Mai basilin kuwa ba na kowace safiya ba ne, domin na jiya yana nan bai tafi ba. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar, sauran ranakun ruwa da burushi kawai.

Mai wankin hula daga Argungu:

Yallaɓai, kada ka ji haushin ɗan'uwana da ya ƙara maka kuɗi, domin ni ma da na ƙara. Mu a sana'armu ko ba mu ga mutum ba, cikin hularsa kan gaya mana abin da yake shafawa. Gumi zalla ba ya ba mu wahala, jiƙo ɗaya ya fita. Amma idan maiƙo ya haɗu da gumi da ƙura ya shige cikin zare, sai mun yi ta dirza da burushi da sabulu mai ƙarfi, kuma wannan dirzar ce ke cinye hula: zaren ya tashi, launi ya koɗe, bakin ya saki. Hular da ke da sauran maiƙo kuma ba ta karɓar sitaci yadda ya kamata, ko an ɗora ta a kan ice ta bushe ba ta tsayawa ƙyam. Na sha ganin zanna mai tsada, wadda aka yi wata da watanni ana ɗinkawa, ta tsufa cikin shekara guda, alhali ta wani da ba ya shafa komai ta shekara biyar tana nan kamar jiya aka saya.

Abin da nake gaya wa masu kawo mini aiki shi ne su ware hula ɗaya ko biyu na yau da kullum, na Juma'a da na biki kuma kada su hau kan da aka shafa wa mai a ranar. In da hali a shafa da dare, kafin safiya ya lafa.

Ɗan kabu-kabu daga Kalgo:

Ni hunturu ne ya raba ni da shi. Ina jigilar ɗalibai tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi, kuma duk ranar da na shafa mai kauri, kafin azahar kaina ya koma ja, ƙura ta manne har sai an kankare. Yanzu man kaɗe nake narkarwa kaɗan in shafa bayan isha'i, da safe in taje in fita, gashin bai kwanta kamar na masu gwangwani ba, amma ba ya kakkaryewa kuma kaina ba ya ƙaiƙayi.

Ma'aikacin lafiya daga Yawuri:

Malam, ƙurajen da ka kwatanta sanannu ne, har likitocin fata a Amurka sun rubuta a kansu tun 1970, bayan sun lura da su a goshin baƙaƙen fata masu shafa irin wannan mai kullum. Maiƙon ne ke gangarowa ya toshe ƙofofin gashi na fata, bakin hula kuma ya danne shi a wurin tare da gumi. Yanayinmu yana ƙara wa abin ƙarfi, domin basilin kan fara narkewa tun daga wajen digiri 38, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40, don haka abin da aka shafa a tsakiyar kai da safe kan iso goshi kafin la'asar. Ka dakatar da man, ka riƙa wanke goshi da sabulu mai sauƙi safe da yamma, kada ka matse su, kuma ka yi haƙuri domin sukan ɗauki makonni kafin su baje. Ka wanke rigar matashinka ma, can ne mutane ke mantawa.

Wani abin da nake yawan gani a asibiti shi ne masu amosani da ke lafta mai suna zaton bushewa ce. Man yana kwantar da ɓawon ne kawai ya ɓoye shi, ƙwayar da ke haddasa amosani kuwa maiƙo take ci, har da irin man zaitun. Sabulun wanke kai mai ɗauke da maganin ketoconazole ya fi dacewa da wannan. Makero a kan yaro kuma ba ya jin mai kowane iri, sai maganin sha da likita zai rubuta. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin gwangwani, kuma duk wanda ya ce man gashi na gwangwani zai mayar da gashi a sanƙo, kuɗinku yake so.

Dattijo daga Gwandu:

'Ya'yana, na karanta duka, sai na ga ba wanda ya taɓo alwala. Gyaran gashi ba abin ƙi ba ne, hadisi ya zo cewa wanda yake da gashi ya girmama shi, kuma mu ma da ƙuruciya mun shafa man shanu da alayyadi. Amma abin da muka karanta a zaure shi ne, mai idan ya narke ya bar santsi kawai ba ya hana tsarki, wanda kuwa ya daskare ya yi jiki kamar kaki har ya tsare ruwa, shi ne abin gudu, musamman a wankan janaba da ake son ruwa ya kai tushen gashi. Na taɓa kama jikana yana shafar kai ruwan na mirginowa kamar a bayan agwagwa, na sa shi ya je ya wanke. Ɗana mai aski ya ce ƙwayar gyaɗa. Ni a ganina ga mai salla biyar rabinta ma ta isa.

Ɗalibi daga Aliero:

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ji kuma mun ɗauka. Sai dai ina so in ɗan saɓa wa masu ganin mai tushen ruwa ya fi ta kowace fuska. Na gwada shi a bazara, da na yi gumi ya narke ya shiga idona, a hunturu kuma ya bushe ya sandare, gashina ya riƙa karyewa a burushi. Ga mai son gashi ya kwanta layi-layi kamar igiyar ruwa, mai kakin zuma ya fi riƙewa, domin kakin sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, kuma gaskiya burushi da ɗaure kai da ƙyalle mai santsi da dare su ne ke yin aikin, man taimako ne kawai. Wajen wankewa, nakan fara murza man kwakwa kaɗan ya sassauta shi, sannan sabulu da ruwan ɗumi sau biyu, ranar Alhamis da dare. Kada kuma a bar gwangwani a taga ƙarƙashin kwano. Nawa ya taɓa narkewa ya malale a cikin akwati a kan takarduna.

Ma'aikaci daga Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, musamman Baba. Na yi gwajin bayan hannu, nawa mai basilin ne, kuma ashe abin da nake lakatowa ya kai ƙwayar gyaɗa huɗu. Yau mako uku da dakatarwa, ƙurajen sun ragu sosai, saura 'yan kaɗan ta gefen hagu. Huluna biyu sun dawo daidai, ta ukun kuwa, mai ruwan toka, mai wanki ya ce tabon ya zauna, sai dai in mayar da ita ta zuwa gona. Yaya mai aski, idan na koma shafawa bayan goshin ya warke, burushi mai taushi zan saya ko mai tauri? Gashina bai kai rabin inci ba.