Wa ya taɓa naɗar shiri daga dikoda zuwa tsohon bidiyon kaset?

Mai tambaya, Jos: Assalamu alaikum jama'a. Baba yana da bidiyon kaset tun muna firamare, da shi yake naɗar tafsiri duk azumi. Da aka kawo dijital Jos a 2016 muka koma dikoda, tun daga nan in ya naɗa, sai shuuu da ɗige-ɗige. Na ce ya bari in sa masa a waya, ya ce shi kaset ya sani. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Mai gyaran talabijin, Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Bidiyon Baba lafiyarsa ƙalau, yaren dijital ne ba ya ji. Abin kamo tasha da ke cikinsa na analog ne, ko eriyar zinare ka sa masa ba zai kama ba. Na haɗa wa mutane da yawa a shago. Eriya ta shiga dikoda. Sai ka samo wayar AV mai kai uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti, daga bayan dikoda zuwa ramin IN na bidiyon, wata kuma daga OUT zuwa talabijin. Inda kowa ke faɗuwa: dole ka sa bidiyon a kan AV, wasu suna rubuta L1. In ka bar shi a kan lambar tasha, iska za ka naɗa.

Wata malamar makaranta, Kaduna: Gaskiya ne Malam, amma ni ga abin da ya same ni. Na saita agogon bidiyo ya ɗaukar mini wasan kwaikwayo, na tafi biki. Ashe ikonsa bai kai ga dikoda ba, abin da ta miƙo masa kawai yake haɗiyewa. Yara suka sauya tasha. Na dawo na tarar da awa uku cur na katun, har da layin ƙara murya duk lokacin da suka taɓa rimot! Yanzu rimot a jakata yake kwana.

Daga Zariya: Hajiya, taki da sauƙi. Tawa dikodar kashe kanta take yi in an daɗe ba a taɓa ta ba, sai da na shiga saiti na cire. In aka ɗauke wuta kuma agogon bidiyon ya goge, sai ka saita daga farko. Kaset mai E-180 awa uku yake ci, a LP, wato saitin da ke jan kaset a hankali, awa shida, sai dai hoton ya ɗan yi laushi. Ga tafsiri, da murya ce abin nema, LP ya isa.

Mai gyaran talabijin, Kano: Na manta ɗaya. In hoto ya fito baƙi da fari, duba saitin dikodar, a kan NTSC take, mai da ta PAL. In kuma ramin HDMI kaɗai gare ta, sai an sayi ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV. Kuma a lallaɓa bidiyon nan, tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera su, ya daina.

Mai tambaya, Jos: Allah Ya saka da alheri, Yaya. L1 ɗin ce. Mun naɗi labaran dare don gwaji, ya fito tas, sai dai mai karantawar ya zama dogo siriri. Baba ya ce a bar shi haka, yanzu kuma ya aike ni neman sabon kaset.