Neman kalma kafin Alhamis: wahalar da ke sa karatu ya zauna

Malamar Faransanci, Gusau: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ku agaza mini, Alhamis da hantsi zan shiga shirin rediyo kan koyon harshe, kuma kalma ɗaya ta Turanci ta tsaya mini, na rasa yadda zan faɗe ta da Hausa: desirable difficulty. Robert Bjork, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ya fito da ita a 1994. Nufinsa akwai wahalar da ke rage wa ɗalibi sauri yau, amma ta sa karatun ya daɗe a kansa, kamar barin tazara tsakanin bita, ko rufe littafi ka tambayi kanka. Ni misalina rubutun hannu ne. Ɗalibaina yanzu hoton allo suke ɗauka da waya su fice, mako na zagayowa ko kalma biyar babu. Yarinya ɗaya da ba ta da waya, littafinta duk goge-goge, ita ce ke tuna komai. Na rubuta "wahala mai amfani" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Kauran Namoda: Malama, "wuya mai riba". Gajere ne, ya fi daɗin faɗa.

'Yar Argungu: A baki ya yi. A rubuce kuwa wuya na jiki ne ko wuyar sha'ani? Riba ta ciniki ce ko ta bashi da ruwa? Kalma biyu, tarko biyu.

Ɗan Kauran Namoda: Yaya, rediyo fa ta ce. Kunne zai ji karin sautin.

Alaramma, Gwandu: Abin ga da Turawa sunka gano a 1994, mu da shi munka tashi. Yaro ya rubuta allonai da tawada da alƙalamin gamba, ya biya har ya riƙe, sannan Malam ya ce ya wanke. In ya wanke, babu wurin dubawa sai ƙirjinai. Ɗiyata, ki ce "wankin allo". Duk Bahaushen da ya ji ya gane.

Malamar Faransanci: Allah gafarta Malam, misalin ya shiga raina ƙwarai, kuma zan kawo shi. Har akwai binciken da ya yi kusa da shi: a 2021, Wiley da Rapp na Jami'ar Johns Hopkins sun koya wa manya 42 haruffan Larabci, wasu da rubutun hannu, wasu da danna madannai, wasu da kallo kawai. Duk sun iya gane haruffan, amma masu rubutun hannu suka fi saura wajen karantawa da haɗa kalmomi. Sai dai wankin allo hanya ɗaya ce, ni kuma sunan da zai tattara hanyoyin duka nake nema.

Alaramma: To ai ya tattara. Tilawa tana ciki, hadda tana ciki, satu tana ciki. Mi ya rage? Don dai ba daga jami'a ta fito ba.

Mai fassara, Birnin Kebbi: Ni damuwata daban ce. "Wahala" da "amfani" duk aro ne daga Larabci. Sai yaushe za mu ƙirƙiri tamu? Muna da karin magana: karatu farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma. Ga "maɗacin karatu" nan.

'Yar Argungu: Haba Malam, allo da tawada da alƙalami da karatun kansa fa, daga ina suka zo? In muka kori aro, da me za mu rubuta?

Mai fassara: Ban ce a kora ba. Na ce duk kalmar da ta fito daga bakin 'yan Kano sai a sa ta a ƙamus, tamu ta yamma kuma a ce karin harshe ce.

Ɗan Kauran Namoda: Wa ya ambaci Kano a nan?

Alaramma: Gaskiya ya faɗi. Garin ga Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta littattafai da hannu, ba mu buƙatar kowa ya koya muna sunan karatu.

Tsohon hedimasta, Talatar Mafara: Ku dakata, kun bar baiwar Allah da aikinta. Shekara talatin na yi a aji, kuma abin da nake tsoro shi ne wani uba ya ji "maɗaci" ko "wahala" a rediyo ya ɗauka an halatta bulala da tsallen kwaɗo. Shi kansa Bjork ya yi gargaɗi cewa in ɗalibi ba shi da tushen da zai iya ɗaukar wahalar, ta zama cutarwa. A 2018 wata jami'a a Melbon ta Ostareliya ta fitar da salon haruffa mai wuyar karantawa, Sans Forgetica, da nufin ya taimaka wa tunawa. Da wasu suka sake gwadawa ba su ga amfanin ba. Ba kowace wuya ce magani ba, sai wadda ta sa ƙwaƙwalwa ta yi aikin da kanta. Don haka kalmar "amfani" ita ce ba za a taɓa ba, 'yata. Ita ke raba wannan da azaba.

Malamar Faransanci: Baba, na gode, wannan ne ya warware mini. Zan bar "wahala mai amfani" a matsayin suna, in buɗe shirin da wankin allo, in kuma faɗi gargaɗin nan tun kafin a buɗe layin waya.

Mai fassara: Ki yi amfani da ita ranar Alhamis, amma bayani ce ba suna ba. Ni a fassarata maɗacin karatu zan sa.

Alaramma: Allah ya ba da sa'a, ɗiyata. In kin zo wurin allon, ki faɗa musu ba a wankewa sai Malam ya saurari biyawa.