Me ya sa mu mata ake barin mu a ofis idan tafiya ta taso?

'Yar Fadaman Mada:
Assalamu alaikum. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da wani saurayi a wani ofis a nan Bauchi, bayan mun kammala hidimar ƙasa, kuma matakin albashinmu ɗaya ne. Sai dai duk lokacin da aiki ya taso a Azare ko Misau, shi ake turawa, ni kuwa a ce in zauna in kula da fayil, wai don a sauƙaƙa mini. Shin wannan tausayi ne ko tauye haƙƙi?

Dattijon Yelwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Sau da yawa shugaba yana gudun abin da iyaye ko miji za su ce ne idan dare ya yi wa budurwa a hanya, ba raina iyawarki yake yi ba. Ki fara shawara da gida kafin ki kai kuka.

Antin Wunti:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan sauƙin yana da tsada. Ƙanwata, albashinku ɗaya ne a takarda, to amma alawus na tafiya da na kwana, da sanin manya, da gogewar da ake dubawa ranar ƙarin girma, duk a wajen fita ake samun su, shi ya sa bayan 'yan shekaru sai ki tarar ya yi miki nisa, a kuma ce ƙwazonsa ne. Na ga haka da idona. Abin da ba a faɗa a fili shi ne tsoron hutun haihuwa, alhali Dokar Ƙwadago ta ba mace makonni 12, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa. Idan gida sun amince, ki rubuta buƙatarki a takarda, ki nemi a fara sa ki a tafiyar je-ka-dawo.

Ɗan Jahun:
Anti, mu ma samari ba daɗinsa muke ji ba, domin mu ne a hanya ranar Asabar, kuma ba a taɓa tambayarmu ko mun yarda.

'Yar Fadaman Mada:
Na gode muku. Mahaifina ya amince tuntuni, don haka ranar Litinin zan miƙa takardar.